Takardar Zulaiha Mai Ƙuli

In ka taɓa cin ƙuli-ƙuli a tashar Waca har haƙorinka ya nemi sallama, to na Zulaiha ka ci. Ƴar Yekuwa ce, aure ya kawo ta Waca a bayan amalanken Sallau, kuma tun ranar amalanken bai huta ba, ita ma ba ta huta ba. Ta haifi bakwai, biyar na raye, autan har ya shiga lakwal, wato makarantar boko. Mace ce mai ƙarfin hannu. In ta rungumi turmi tana matsar tunkuza, gyaɗar da kanta take sakin mai don a rabu lafiya.

Ba ita kaɗai ke sana'ar ba. Akwai Hinda, aminiyarta tun suna tallan dafaffiyar gyaɗa, wadda aure ya sauke a unguwa ɗaya da ita. Zulaiha ke matsa, Hinda ke suya. Haihuwar Zulaiha bakwai, duk Hinda ce ta riƙe mata kafaɗa.

Bara da kaka, wasu likitoci suka zo daga Magariya don duba nonon mata saboda ciwon daji. Majo, wato shugaban gidan likitan garin, ya zaɓi Hinda ta bi gida gida ta taro mata, aka ba ta riga da kallabi ruwan hoda. Ta yi kwana biyu tana yawo, ko akuya ba ta biyo ta ba. Wace ce za ta kwance zane gaban baƙuwa, lafiyarta ƙalau? Ganin aminiyarta za ta ji kunya, Zulaiha ta wanke hannu ta ce a fara da ita.

Bayan labule, wata likita, Madam Aziza, ta lalube ta dama da hagu har ƙarƙashin hammata, Hinda na tsaye riƙe da mayafinta. Da likitar ta gama ta ce:

"Yau hannuna bai ji komai ba. Amma in kin ga nonon ya sauya kama, ko ya fitar da wani abu, ki taho asibiti, kar ki ce kina da takarda."

Sai ta buga hatimi a ƴar takarda ta miƙa mata. Kafin la'asar mata sun yi layi har gindin darbejiya, Hinda kuwa ta zama babba a unguwa.

Sallau bai iya karatun boko ba, amma duniya ba abin da yake girmamawa kamar hatimi. Ran kasuwar Magariya ya kai takardar aka sa mata leda, ya haɗa ta da takardar gonarsa da ta allurar san amalankensa, ya cusa a aljihun gaba. Duk wanda ya tambaye shi iyali, sai ya dafa aljihun ya ce lafiya, har a rubuce.

Da bazara ta kama, Zulaiha na wanka ta ga kan nononta na hagu ya shige ciki, fatar gefen ta yi kaushi kamar ɓawon lemu. Bayan kwana kaɗan ta ga ɗigon jini a rigarta. Ba ya ciwo, kuma rashin ciwon ne ya fi tsorata ta, don ta san ƙurji ba ya zuwa shiru. Ta ja Hinda ɗaki ta nuna mata. Hinda ta dafe baki ta yi salati, ta daɗe ba ta sauke hannun ba.

Ta nemi Sallau ya bar ta ta je babban asibiti a Magariya a sake dubawa. Ya zaro takardar ya ɗaga, a juye ma, ya ce likita ta riga ta yi magana, shi wane ne da zai gyara wa gwamnati rubutu? Ta gaya masa abin da Madam ta ce bayan labule. Ya ce wannan ba ya cikin leda, wa ya ji? Ta ce Hinda. Hankalinta kwance ta faɗa, kamar wadda ta ambaci sunan uwarta.

Da safe Hinda ta zo suya, Sallau ya tsaya daga bakin zaure ya tambaye ta. Hinda ba ta ɗago ido daga kasko ba.

"Ni dai lafiya lau na ji an ce, Malam. Zafin bazara ne, in ya nuna wanzami ma ya ishe shi."

Sallau ya dafa aljihu ya fita. Zulaiha na tsaye, tunkuza har gwiwar hannu, tana kallon ƙeyar matar da ta san adadin tabon da ke jikinta. Da ƙuli ya fara ƙonewa ne Hinda ta soma magana ƙasa ƙasa. Wai in aka ji wadda aka fara dubawa ta tafi neman asibiti, wa zai ƙara bin ta bana? Majo ya riga ya ce ita zai sake ba rigar. Ta ƙara da cewa takardarta ita ma irin ta Zulaiha ce, in waccan ba ta tsare komai ba, tata fa?

Zulaiha ta ci gaba da matsa. Bayan kwana uku kuma ta ji a bakin rijiya ana cewa wai kwaltar birni take son gani, ta laƙa wa nono. Mutum ɗaya ta nuna wa, don haka ba ta tambayi wa ya faɗa ba.

Wata biyu suka tafi a haka, ƙululu ya fito a hammata. Rannan da hantsi Sallau na ɗaure sansa a amalanke yana shafa masa tozo, ta zo ta tsaya.

"Malam, san nan ma yana da takarda mai hatimi. Ranar da ya ƙi cin dusa, takardar ka karanta masa, ko likitan dabbobi ka kira?"

Sallau ya dubi sa, sa ya dube shi. Ya daɗe yana ƙuƙƙulla igiyar da ta riga ta ƙullu. Can ya zaro takardar ya ba ta, ya ce ta shirya.

A Magariya, Madam Aziza ko kallon ledar ba ta yi ba. Ta duba, fuskarta ta daina wasa, ta rubuta sabuwar takarda zuwa Damagaram a ɗauki hoto, a kuma ɗebi ɗan nama a gwada. Ta tambaye ta me ya tsayar da ita tun da ta fara gani.

"Shaida na tsaya nema," in ji Zulaiha.

Ranar tafiya Damagaram, mota na cika a tashar Waca sai ga Hinda da ƙullin ƙuli, wai na hanya. Zulaiha ba ta karɓa ba. Ta miƙo mata takardar mai leda ta taga.

"Haɗa da taki, ki yi biyu. Amma in kin shiga wanka ki duba da idonki."

Yanzu tana Damagaram gidan yayanta Zubairu tana jiran abin da gwajin zai nuna. Sallau ya je sau biyu, duk da ba ya son mota. Ta aiko an ɗauke turminta daga gaban kaskon Hinda an kife shi a ɗaki. Hinda na nan tana suya ita kaɗai, direbobi na mitar ƙulin ya yi laushi, mai bai gama fita ba.