Kiryar gonarmu da itacen layya

A wajenmu sayen rago rabin layya ne, sauran rabin kuwa itace. Ɗungurungum ake tsire ragon a sanduna, a jera kewaye da wuta, ya wuni yana gasuwa. Shi ya sa da sallah ta ƙarato motocin Maraɗi ke shigowa ƙauyuka neman itace, farashi ya hau, har wanda bai iya riƙon gatari ba ya fara zagaya bishiyar gonarsu.

Ina koyarwa a lakol, wato makarantar boko, a Agye, kuma ban taɓa ɗaukar kuɗin sallata na kai birni ba, ko da ana shelar an karya farashi. Yaji wajen maƙwabciyata nake saye, man gyaɗa wajen matan Gazawa, rago wajen wata tsohuwa mai kiwo a bayan gidanmu. Abokan aikina na yi mini tsiya, wai ko allura sai na tambayi maƙerin da ya ƙera ta. Su dai suka sani.

Wata shekara, sallah na matsowa, innarmu ta aiko daga ƙauye in zo maza. Ashe ƙanena, wanda ke noman gonar da baba ya bari, ya fara ciniki da wani mai mota zai sayar masa da kiryar tsakiyar gona. Kiryar nan ta girme mu duka. Da 'ya'yanta inna ke yin daddawa, a gindinta ake ajiye fura in ana noma. Daminar bara ba ta yi kyau ba, shi kuwa rago yake so, kada yaransa su wuni leƙen gidajen mutane.

Raina ya ɓaci, kuma bakina ba shi da linzami. Na wanke shi tas a gaban inna. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Yaya, ke albashi gare ki. Ni da inuwa zan yi layya?"

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Na ce to bari in taimaka masa da kuɗin ragon. Ya ce shi bai zo roƙo ba.

Muka taka zuwa gonar. Manoman yankinmu sun daɗe da barin ƙone kututture. In kalgo ko sabara ta toho, sai a bar mata reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a sassabe sauran. Rassan da ƙanena ya sassabe tun farkon bazara na nan jibge a bakin gona, sun bushe ƙayau, ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. Na ce su zan saya, ciniki kuma ba kyauta ba, zan nemo masa wasu masu saye, shi dai ya dakatar da mai mota. Ya ɗaga kafaɗa.

Na koma Agye na bi gidajen malamai ɗaya bayan ɗaya kamar mai tallar goro. Wasu suka ce siraran itace ba ya riƙe garwashi kamar kirya, ban kuwa musa ba, na ce a ƙara yawa. Wasu suka saya don su rabu da bakina. Matar daraktan lakol ɗinmu ta karɓi amalanke guda, maƙwabtanta suka gani suka biyo. Ƙanena ya yi ta jigila da shanunsa, har sandunan tsire rago ya feƙe ya kawo.

Duk da haka kuɗin bai kai na rago ba. Bunsuru ya saya. Yaran unguwa suka yi ta tsokanar 'ya'yansa, ƙaramar har da kuka. Ranar sallah gaisuwar da ya yi mini a tsaye ce, bai ko shigo ɗaki ba. Abin ya dame ni ƙwarai, amma ban yi nadama ba.

Da shekara ta zagayo, sai na ji mai motar ya sake komawa ƙauyenmu, har ya ƙara kuɗi. Na hau kabu-kabu, ina shirya faɗa tun daga hanya. Na iske kirya a tsaye, ƙanena a gindinta yana ɗaure rassa dami-dami.

Bai ɗago ba ya ce, "In faɗa ya kawo ki, an riga ki. Na ce mashi ba ta saidawa ba ce."

Ban taɓa alfahari da ɗan uwana kamar ranar ba. Na zauna, na rasa inda zan kai faɗan da na ɗauko. Can na tambaye shi ko bana itacen zai kai kuɗin rago.

"Bunsuru," in ji shi, ya jawo wata igiyar.