Jan Bakin A-Tai

A-Tai bai taɓa ɗaukar bakinsa a matsayin wurin da ciwo zai iya shiga ba. Shekarunsa ashirin da shida, yana jan motar abarba daga yankin Pingtung zuwa kasuwannin arewacin ƙasarsu, kuma da haƙori yake ɓalle murfin kwalba in abokai sun zuga shi. Tun da ya fara tuƙi yake taunar binlang, wani ɗan itace mai kama da goro da ke rina baki ja, naɗe a ganye da 'yar farar ƙasa, don korar gyangyaɗi. Kofin robar da ke gefen giyarsa kullum cike yake da jan yawu. In aka ce abin na da illa, sai ya ƙwanƙwasa haƙoransa da farce.

"Ko ɗaya babu rami. Ku nuna min naku."

Launin haƙoran ne ya hana shi sakat. Pei-ju, budurwarsa, ta ce iyayenta na son ya zo cin abinci, mahaifinta kuma tsohon malamin makaranta ne da ke gane ɗan binlang tun daga ƙofa. Daga nan A-Tai ya rasa zama. Danja na tsayar da shi sai ya karkato madubi ya yage baki ya duba haƙora. Ya dirza gishiri, ya canza buroshi, ya sayi man goge baki iri-iri. Akwai wani farin tabo mai kauri a cikin kuncinsa na hagu, wanda harshensa ke ta komawa kai, amma tunda ba a ganinsa bai sa shi a lissafi ba. Yaji ma ya daina ci saboda raɗaɗi, ya ce girma ne.

Da ya gaji, ya shiga wajen likitar haƙori.

"Wanke su kawai za ki yi, likita, su yi fari."

"Buɗe baki. Ƙara."

"Iyakarsa ke nan."

Ta daɗe tana haska kuncin. Sannan ta ce haƙoran ba su dame ta ba, tabon ne sai an yanki kaɗan an auna a babban asibiti, binlang kuma ya bar shi daga yau.

"To wankin fa?" in ji shi. Amma bai yi mamaki ba, wannan ne ya tsorata shi. Ashe ba don surukin ya zo ba. So yake wani ya ga tabon ba tare da shi ya nuna ba.

A wurin lodi ya tarar da direbobi zaune a inuwa. Yaya Hsiung, babbansu, wanda ya sama masa aikin, ya miƙo kwalin binlang. Ba a mayar da hannun babba, don haka A-Tai ya ɗauki ɗaya, ya dunƙule a tafinsa.

"Ango!" in ji Hsiung. "Ina fararen haƙoran? Tauna mana, ko 'yar malam ta saka maka linzami tun yanzu?"

Aka fashe da dariya. Yawu ya cika wa A-Tai baki.

"Yaya, likita ta ce za a yanki kuncina."

Dariyar ta mutu. Hsiung ya ɓamɓare masa yatsu, ya karɓe binlang ɗin, ya jefa a nasa bakin.

"Ja'irin yaro, ai sai ka faɗa. Wa zai raka ka? Yarinyar ta sani?"

A-Tai ya zaro waya, ya mayar aljihu, ya sake zarowa.

"Kira ta," in ji Hsiung. "Ni zan ja motarka yau."