Cigiya Kafin Gogewa

Shekarar da na dawo gida Bagudo bayan karatu, na shiga aikin sa kai tare da wasu masu rubuta manhaja da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Manhajar ita ce wadda masu sana'armu ke farautar kuskure da ita a cikin abin da suka rubuta wa kwamfuta. Aikin farko da aka ba ni shi ne in cire layukan manhajar da aka rubuta domin wata tsohuwar na'ura, wadda aka daina ƙerawa tun ina rarrafe. Na ji haushi ƙwarai. Ni da na ci burin nuna gwaninta, sai aka miƙo min tsintsiya! Amma na san idan na ɓata wannan, ba mai sake ba ni wani.

Ina zaune a zaure da hantsi, na shata layukan zan goge, sai Baba ya dawo daga fadama ya leƙo.

"Mi kaka yi?"

Na yi masa bayani iya yina.

"Ka tambayi mai su?"

"Baba, ba mai amfani da su."

"Kai kac ce. Lokacin da munka tashi rushe rumbun kakanka, sai da niy yi cigiya har Bahindi. Ashe gwaggonka na da irin shinkafa ciki."

Na yi dariya, amma hannuna ya ƙi danna maɓallin gogewa. Sai na rubuta wa jama'ar aikin duka cewa ga abin da zan cire, duk mai ajiya a ciki ya yi magana, zan jira mako guda. Makon nan ya yi min tsawo. Kullum ina tsoron a ce ɗan sabon shiga ya cika iyayi.

Amsa ta same ni a kasuwar Lolo da ke bakin iyaka, ni da Baba muna sauke buhunan shinkafa, wayata na ta tsalle tsakanin sabis ɗinmu da na ƙasar Benin. Wani dattijo ne daga wata ƙasa mai nisa. Ya ce shi ya rubuta layukan yana saurayi, na'urar tasa ta mutu tuntuni, kuma an sha goge aikinsa a wurare da dama, ba wanda ya taɓa tambayarsa sai ni. Ya ce in goge, ya sa albarka. A ƙasan saƙon, shugaban aikin ya ƙara da cewa daga yau haka za a riƙa yi.

Daɗi ya kama ni har na saki bakin buhu, shinkafa ta zube. Na fassara wa Baba saƙon a tsaye. Ya duƙa yana tsince shinkafar, yana murmushi.

"Ka gaishe min da tsohon," ya ce. "Ka ce mai, mun gode da aron rumbu."