Uwar Agogo da Kwalabe Arba'in

Ƙarfe bakwai na safe za ka same ta a ƙofar ɗakin tiyata, rungume da kular ƙanƙara, idonta na kan agogo. Da zarar an ciro tsokar huhu daga mai cutar daji, sai ta karɓa ta sa a 'yar kwalba, ta rubuta minti nawa aka yi kafin ta shiga firiza. Ma'aikaciyar ɗakin gwajinmu ce, shekara talatin ke nan tana wannan aiki. Shi ya sa muke ce mata Uwar Agogo, muna tsokanarta cewa ko gaisuwa sai ta duba lokaci take amsawa.

A ɗakin gwajinmu muna binciken RNA mai zobe. RNA saƙo ne a cikin ƙwayar halitta. Yawancinsa kamar zare yake, amma akwai wanda bakinsa biyu suka haɗe ya zama zobe. So muke mu san ko yawan mai zoben na tafiya da yaɗuwar dajin huhu.

Shekara huɗu ina kan aikin digirina, sai na ga mai zoben ya yi yawa a kwalabe arba'in na waɗanda cutarsu ta yi nisa. Har na fara hango kaina ana tafa min. Ita kuwa ta ɗaga kwalba ɗaya ta ce, "Ɗana, ba a rubuta lokaci a jikinsu ba. Ina jinya aka ɗebo su, na kuma tambaya, awa biyu suka yi a kan tebur. Mai zare ya lalace, mai zobe ya jure. Ba yawa ya yi ba, shi kaɗai ya rage."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Haba Inna, wa zai sani?"

Ta ce, "Mutanen da suka yarda aka ajiye huhunsu, don ka yi suna suka bayar?"

Sati biyu ina ɗauke mata kai, ita tana tara min sababbin kwalabe. Na sake aikin shekara biyu. Sakamakon bai kai na farko armashi ba, amma duk wanda ya maimaita gwajin ya samu abin da na samu.

Inna, ke ce gishirin aikin nan, ga shi sunanki bai taɓa hawa takarda ba. Ke ce kika hana ni gina suna a kan ƙarya. Yau da kike ajiye aiki, na gode, Allah ya saka miki da alheri.

Ku da ke tasowa, ku rubuta lokaci ko ba mai duba ku. Ni dai gobe ƙarfe bakwai ina ƙofar tiyata, da kularta a hannuna.