Sandar da Alhaji Isufu Ya Bari a Mota

Cikin duk zaman shari'ar da na halarta a aikin nan, akwai ranar da har gobe ban manta da ita ba, ranar da na shiga gaban alƙali da wani dattijo. Bari in kira shi Alhaji Isufu, tunda kun san ƙa'idarmu, ba ma faɗin sunan mai fayil. Ku da kuka zo mana kwanan nan na ga kuna ta haddace dokoki, kuma hakan ya yi kyau. Amma ku saurari wannan, don ba za ku same shi a littafin horo ba.

Ni dai ba lauya ba ce, wakiliya ce. Doka ta yarda wanda ba lauya ba ya tsaya wa mai neman tallafin gwamnati na rashin lafiya, wanda mutanenmu suke ce wa disabiliti. Ga yadda abin yake, saboda waɗanda ba su sani ba. Idan ciwo ya hana mutum aiki, sai ya nema. Hukuma ta duba takardun asibitinsa, ta yarda ko ta ƙi. In ta ƙi, ya roƙi a sake dubawa. In an sake ƙi, sai ya nemi zama gaban alƙali. A duk tafiyar, wannan zaman ne kaɗai inda wani zai ga fuskarka ya ji muryarka. Akwai ɗaukaka ƙara bayansa, amma a kan takarda ake yi, kuma kafin a ji amsa mai jira ya gaji.

Alhaji Isufu mutumin Maraɗi ne. Ya fi shekara ashirin yana tuƙa bas ɗin da ke jigilar fasinja tsakanin filin jirgi da wurin ajiye motoci, can wajen garin Sterling a nan ƙasar Turawa. Ciwon sukari ya cinye masa jijiyoyin ƙafa, ga kuma ciwon baya, har ya ajiye aiki. An ƙi shi sau biyu kafin matarsa, Hajiya Rakiya, ta jawo shi ofishinmu na Woodbridge. Jawo shi ta yi, don da ƙafarsa dai ba zai zo ba.

Da na karanta bayanan likitansa, sai da na dafe kai. Gwaje-gwaje sun nuna ciwo ƙuru-ƙuru, amma kowace ziyara likita ya rubuta cewa majiyyaci ya ce ya samu sauƙi. Wanda ya karanta zai rantse Alhaji gasar tsere yake shiri. Kuma ba laifin likita ba ne, abin da ya ji ya rubuta. Shi bai san cewa mutumin namu, ko a makara za a ɗauke shi gobe, in ka ce masa yaya jiki godiyar Allah zai yi maka ba.

Ranar da suka fara zuwa, Hajiya Rakiya ta tsayar da ni a bakin lif, ta rage murya.

"Ƙanwata, ya ce in anka ƙi shi wannan karon, tuƙin tasi zai koma. Wai permi ɗinsa na tuƙi bai mutu ba. Mutumin da in na taka masa ƙafa bai sani ba! Ko dai ya kashe kansa, ko ya kashe ɗiyan mutane."

Daga ranar na daina ganin fayil ɗin a matsayin maganar tallafi kawai. In muka faɗi, mutumin nan zai hau titi da ƙafar da ba ta jin birki.

Mako guda kafin zaman, na kira shi ofis mu yi shiri. Aka fara da gardama.

"Madam, ni ban taɓa bara ba a ƙasarmu, ban zo in koye ta a ƙasar mutane ba."

Na ce, "Baba, wane irin bara? Tun ranar da ka fara aiki ake yankar wani abu daga albashinka saboda rana irin ta yau. Adashi ne ka daɗe kana zubi, yau ɗaukarka ce ta zo."

Ya shafa gemu. Na ga maganar ta ɗan shige shi. Na yi masa bayanin cewa ba mu son ya ƙara ko ƙwaya a kan ciwonsa, mu ba ma koyar da ƙarya, amma kada ya rage. Ya ce to. Irin "to" ɗin nan na dattawa ne, wanda ake ba yaro don ya yi shiru.

Muna cikin haka Azahar ta yi. Ya nemi wurin salla, na ba shi darduma na nuna masa ƙaramin ɗakin taro. Da na zo wucewa ƙofar ba ta rufu sosai ba, sai na hango shi zaune a kujera yana sunkuyar da kai, darduma kuwa tana kan tebur a naɗe yadda na ba shi. Na wuce da sauri. Da ya fito ya miƙo mini ita ya yi godiya, ni ma na karɓa kamar ban ga komai ba.

Ranar zaman, cikin sanyin watan Maris, na riga su isa. Ina tsaye a bakin ginin sai ga Alhaji cikin babbar riga ta shadda, ta sha guga, ga hula, ga ƙamshin turare tun daga nesa. Yana tafe a miƙe kamar mai zuwa ɗaurin auren ɗansa. Hajiya Rakiya tana bayansa tana yi mini alama da ido.

Na ce, "Baba, ina sandarka?"

"Tana mota. Gaban alƙali za a tahi da sanda, a ce ga gurgu ya zo roƙo?"

Lokaci ya riga ya yi, aka kira sunansa. Hajiya ta zauna a waje, muka shiga.

Ɗakin ba irin kotun da kuke gani a talabijin ba ne. Ƙarami ne, da tebur da na'urar ɗaukar murya. Alƙaliyar dattijuwa ce mai furfura da tabarau. A waya akwai mutum biyu: tafinta, wanda aka rantsar zai fassara duk abin da aka faɗa ba ragi ba ƙari, da kuma masanin ayyuka, wanda aikinsa shi ne ya gaya wa alƙali ko akwai sana'ar da mai irin wannan lafiyar zai iya yi. Aka rantsar da Alhaji. Aka ce ya zauna, ya ƙi zama sai da alƙaliya ta maimaita.

Ta fara tambaya cikin natsuwa. Tsawon wane lokaci yake iya tsayuwa?

"Gwargwadon yadda aiki ya buƙata."

Nauyi fa, me yake iya ɗauka?

"Mi za a ɗauka?" Har da waigawa, kamar kayan na cikin ɗakin.

Yaya zafin ciwon?

"Mun gode Allah. Akwai waɗanda sunka fi ni."

Yana ganin zai iya komawa tuƙi?

"In Allah ya yarda."

Tafinta yana ta juyawa zuwa Turanci tiryan-tiryan, kuma haka ya kamata ya yi. Ni kuwa ina zaune ina jin shari'ata tana zubewa kamar ruwa a kwando. Haushi ya kama ni, amma ba zan ɓoye muku ba, mutumin ya burge ni. Ina kallon gumi yana tsatstsafo masa a goshi cikin ɗakin nan mai sanyi, ya damƙe hannun kujera, amma murya ko rawa ba ta yi.

Da aka zo kaina, na roƙi alƙaliya ɗan hutu in gana da wanda nake wakilta. Ta ba mu.

Muna fita ya jingina da bango, ya lumshe ido. Na ce, "Baba, rantsuwa fa ka yi."

"Na yi ƙarya ne?"

"Ba ka yi ƙarya ba, amma ba ka faɗi gaskiya ba."

Ya buɗe ido ya dube ni. "Ɗiyata, Allah ne ya ɗora mini wanga ciwo. Ba a kai ƙarar Allah wurin bawansa."

Wannan ita ce maganar. Ba taurin kai ba ne, ba kuma jahilci ba. Tarbiyya ce, kuma da ita aka rene ni ni ma a Zariya. Mahaifina har ya rasu ban taɓa jin ya ce wash ba.

Na ce, "Ba ƙara aka ce ka kai ba, shaida aka kira ka ka bayar. Kuma kai ka fi ni sanin hukuncin mai ɓoye shaida. Zan yi maka tambaya ɗaya a ciki. In ka hana ni yanzu, ba zan yi ba. Baba, na ga dardumar nan ran nan."

Ya daɗe yana kallona. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige, don na san na taɓa wurin da ba a taɓawa.

Can ya ce, "Ke dai ba ki da ta ido." Ya gyara rigarsa. "Mu shiga. Abin da anka tambaye ni, ina ba da amsa."

Da muka koma, na roƙe shi ya bayyana wa alƙaliya yadda Musulmi yake salla. Nan ya saki jiki, don fagensa ne. Ya faɗi tsayuwa, ya faɗi ruku'u, ya faɗi yadda ake kai goshi ƙasa, kullum ba fashi. Na tambaye shi tun yaushe yake yi. Ya ce tun bai san ciwon kansa ba. A wane sahu yake tsayawa a masallaci? Ya ce na farko, bayan liman.

Sai na ce, "Alhaji, yaushe rabonka da ka kai goshinka ƙasa?"



"Tun azumin bara waccan."

Ya faɗi haka yana kallon tebur. Daga nan kuma ban sha wahala ba, sauran maganar ta biyo da kanta. Ya ce wata rana ya yi sujada a masallaci ya kasa tashi, sai da mutum biyu suka ɗaga shi a gaban jama'a, kuma tun ranar bai koma ba, don ba zai iya zama a kujerun tsofaffi na baya ba. Ya ce matarsa ce take wanke masa ƙafa in zai yi alwala, kuma sai ya duba da ido yake sanin ruwa ya taɓa shi. Na tambaye shi ko korar sa aka yi daga aiki.

"Ba wanda ya kore ni. Wata rana na tsaya a danja, bas cike da mutane, har da mace da jariri. Sai na iske kaina ina leƙa ƙasa in ga ko ƙafata bisa birki take. Na kai su lahiya, na tahi wurin shef, shugabanmu na aiki, na aje masa makulli. Rayukan mutane amana ne."



Alƙaliya ta cire tabarau ta tambaya ko yana amfani da sanda. Ya ce e, tana mota. Me ya sa ya bar ta? Ya ce ya ga ba ladabi ba ne. Ta ce a ɗakinta ladabi ne, a je a ɗauko. Na leƙa na gaya wa Hajiya Rakiya, ta tashi da sauri har tana mance jakarta.

Sannan alƙaliya ta juya ga masanin ayyuka. Ta siffanta masa mutum mai shekarun Alhaji da irin aikin da ya sani, wanda ba ya iya taka birki, ba ya daɗewa a tsaye ko a zaune, kuma sai da sanda yake tafiya. Akwai aikin da zai iya? Masanin ya ce babu. Ba a yanke hukunci a ranar, ta wasiƙa ake aikowa, amma na san abin da kunnena ya ji.

Muka fito ni da Alhaji. Ya dogara sandarsa ya wuce mota, ko sallama babu. Hajiya ce ta matse mini hannu. Abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki, don na san na kware wa dattijo baya a gaban baƙi. Amma ko sau ɗaya ban yi da-na-sani ba.

Bayan ƙaramar Salla wasiƙa ta zo, an amince masa. Maganar tasi ta mutu.

Ga abin da nake so ku riƙe. Ana yawan gargaɗinku da masu ƙara wa ciwo gishiri, kuma akwai su. Amma mutanenmu matsalarsu ta bambanta, su ragewa suke yi, kuma suna ganin hakan ibada ce. Kada ku raina wannan, kada kuma ku bari ya cuce su. In kun tambayi Bahaushe yaya jiki, kun gaishe shi ne kawai. Ku tambaye shi yadda yake salla, da wanda yake sa masa safa, da dalilin da ya sa ya daina zuwa inda ya saba zuwa. Kuma kafin ku buɗe sirrin mutum a gaban alƙali, ku nemi izninsa a waje. Ina alfahari da aikin nan, kuma ina alfahari da mutanen da sai an roƙe su kafin su karɓi haƙƙinsu.

Wata Juma'a da yamma sai ga shi a ofis, da sandarsa a hannu da ledar dabino. Ya ce daga masallaci yake. Liman ya sa an ajiye masa kujera a ƙarshen sahun farko.

"Ɗiyata, ran nan na yi fushi da ke. Kin tona mini asiri." Ya ajiye dabinon a kan teburina. "Ashe rufa shi kike."

 La'asar ta yi, na tashi zan ɗauko masa darduma. Ofis cike da mutane, amma bai ko rage murya ba.

"Bar dardumar nan. Kawo mini kujera."