An Naɗe Mini Ƙosai da Littafina

Yau da safe na buɗe takardar da aka naɗo mini ƙosai a bakin layinmu, sai na ga rubutun hannuna.

Shafi ne daga littafin Turancina na makarantar horon malamai, darasin da ke koyar da irin su "broken chairs" da "filled with water". Ga rubutuna a gefe, ga jan layin da na ja tun ina saurayi, mai ya jiƙe shi.

Mai ƙosan ta ce Danjuma ne ya kawo mata buhu guda na takardu. Ɗan ƙanena ne, ya zo daga garin Manga ya tsare mini gida lokacin da nake kwance a asibiti.

Na kira shi. "Danjuma, wa ya ba ka izinin taɓa littattafaina?"

"Haba Baba, ɗakin muka share. Ba mu zaci za ka sake buƙatarsu ba."

"Ba ku zaci zan dawo ba dai."



Tun rasuwar matata, littattafan nan ne abokan hirata. Jama'a, ku gaya mini, yaushe aka fara raba kayan mutum yana numfashi?