Mataki Biyu Sama

Yayana shekara talatin da ɗaya ya yi yana kaɗa fiyano a sashen kiɗa da waƙa na jami'a. Ba malami ba ne, aikinsa rakiya: ɗalibi ya tsaya gaba yana rerawa, shi yana gefe yana bin sa da kiɗa. Yaran suna ce masa Baba Rakiya. Ni kuwa nakan ce, "Yaya, kai ba ka gajiya da zama a bayan mutane?" Sai ya yi dariya ya ce in je in ji da keken ɗinkina.

A sashen nasu hanya uku ce: ka karanci koyar da kiɗa, ko tsara shi, ko ka zaɓi dandali. 'Yan dandali su ke shan wuya. A shekarar ƙarshe ɗalibi zai tsaya gaban alƙalai uku, ɗaya baƙo daga wata jami'a, ya yi minti arba'in yana rerawa da ka. Kuma tun ajin farko ake cusa musu doka ɗaya, su da mai raka su: in an fara, ba a tsayawa.

Akwai wata yarinya da suke kira Auta, don ita ce ƙarama a ajinsu. Yaya ba ya yabon kowa, amma ita ya yabe ta har na gaji da ji. Ana saura mako biyu jarrabawarta mura ta kama ta. Malamarta ta ce a sauko mata da sautin waƙar ƙarshe mataki biyu, don kada ta wahalar da maƙogwaro. Yaya da hannunsa ya sake rubuta takardar kiɗan, suka yi ta gwaji da ita lafiya lau.

Ranar jarrabawa, da aka zo waƙar ƙarshe, ya miƙa hannu cikin jaka ya zaro tsohuwar takarda ta sautin sama, wadda ya shekara tara yana kaɗawa. A layi na biyu ya gane. Amma yatsunsa suka ci gaba, don ba a tsayawa. Yarinya ta bi shi sama, ta bi shi, har inda muryar ta tsage gaban mutane. Ta sake gwadawa, iska kawai ta fito. Aka kayar da ita.

Ita ba ta gane ba. Ga tsoro, ga mura, sai ta ɗauka muryarta ce ta mutu. Malamar kuwa ta fita raka wani ɗalibin, alƙalai ba su san da maganar saukowa ba. Auta ta zo har gaban fiyano tana kuka ta ce, "Baba, yi haƙuri, na ɓata maka aiki." Shi kuma, kunya da tsoron kora suka rufe masa baki. Aka ce ta dawo baɗi ta sake, ba ta dawo ba.

Daga nan yayana bai ƙara zama daidai ba. Kafin ya taɓa fiyano sai ya duba kan takarda sau uku, har yara suna kwaikwayonsa. Ɗakin gwaji na huɗu, inda suka yi ta maimaitawa da ita, ya daina shiga. Ya ce da rana tsaka, in ya bi ta ƙofar, yakan ji muryar tana hawa, tana hawa, sai ya tsaya yana jiran inda za ta tsage. In ya leƙa, kujera ce kawai da fanka.

Ni ban san komai ba sai bayan ya yi ritaya. Wata safiya ya faɗa mini duka. Wallahi na yi masa tas. Na ce, "Shekara ashirin da biyu, Yaya! Kana ci kana sha, 'yar mutane tana can tana zargin kanta? Tashi mu neme ta." Ya ce yana tsoro. Na ce tsoron nan ne ya kawo mu nan, sa takalminka.

Wata uku muka yi muna cigiya kafin mu same ta a wani shagon magani, tana bayan kantar sayarwa, da farar riga da tabarau. Tana ganinsa ta zagayo ta durƙusa.

"Baba Rakiya! Ashe kana nan?"

Ta ba shi kujera, ta aika a kawo ruwa. Ta ce 'ya'yanta uku, babbar tana jami'a. Na tambaye ta ko tana ɗan rerawa. Ta yi murmushi ta ce, "Haba Inna, ko yaro ban taɓa yi wa waƙar reno ba. Na san iyakata tun ranar nan, na kuma haƙura."

Yaya ya sunkuyar da kai ya faɗa mata. Bai rage komai ba, har maganar layi na biyu.

Wani ya shigo neman maganin tari, ta ba shi, ta dawo ta tsaya a gaban Yaya.

"Kana nufin muryata lafiyarta ƙalau?"

"Ƙalau, 'yata. Ni ne."

"Baba, shekara ashirin da biyu ina cewa Allah ne bai ba ni ba, da haka nake samun kwanciyar hankali. Yau ka zo ka ce mini ya ba ni?" Ta cire tabarau ta goge ido. "Na yafe maka. Amma da ka bar ni yadda nake."

Ni ce na tasa Yaya gaba muka je, ni ce na ce gaskiya za ta sauke wa kowa nauyi. Ya rasu da damina, kuma har yau ban sake bin layin shagon nan ba.